Waya Mai Kai Biyu

Duk wanda ya saba bi ta Jakara zai shiga kasuwar Kurmi ya san rumfar Malam Ashafa, ko da bai san sunan mai ita ba. Rumfa ce ta kwano da ta jingina da katangar ofishin mazaɓa. Tebur ɗaya, benci ɗaya, sai tulin rediyoyi da talabijin da masu su suka kawo gyara suka manta da su. A bayan tulin za ka hangi wani dattijo siriri, tabarau a kan karan hanci, hayaƙin dalma yana tashi a gabansa. Ka yi masa sallama zai amsa, amma ba zai ɗago ba. Ba wulaƙanci ba ne. Hannunsa ne ke kan aiki, shi kuma bai iya raba hankalinsa gida biyu ba.

Ba da gyaran rediyo ya fara ba. Shekara goma sha shida ya yi yana aikin lantarki a wata masaƙa da ke Sharaɗa. Ranar da za a rufe ta aka tara ma'aikata a tsakar kamfani, manaja ya hau kan akwati ya yi jawabin da ya kusa awa guda, yana bayanin yadda za a sake buɗewa nan da wata uku da sababbin injina. Ashafa yana tsaye daga baya, kunnensa na kan jawabin, idonsa na kan wata babbar mota da ake ta loda mata tsofaffin injinan. Ba a sake buɗewa ba. Tun daga ranar, idan mutum ya fara yi masa dogon bayani, hannun mutumin yake kallo.

Ya dawo unguwa ya kafa rumfa, ya kuma kafa wa kansa doka guda: ba ya cewa an gama sai abin ya yi magana a gaban mai shi. Idan kuma ba zai gyaru ba, yakan faɗa tun ranar farko, ko da mai kayan zai fita yana zaginsa. Wannan hali bai tara masa dukiya ba, amma da shi ya aurar da 'ya'ya huɗu, kuma da shi ake ɗora tukunya a gidansa da ke Zaitawa.

Da sojoji suka koma bariki aka ce yanzu mulki ya dawo hannun jama'a. Canjin da Ashafa ya fara gani da idonsa shi ne aikin lasifika ya ƙaru. Kowane ɗan takara yana da mota mai lasifika, kowace lasifika kuma sai ta ƙone, don ana ɗura mata abin da ya fi ƙarfinta. Ya gyara ta wannan jam'iyya, ya gyara ta waccan. Aka tambaye shi wace ce tasa, ya ce duk ciwonsu ɗaya, bai ga ta zaɓa ba.

A shekara ta tara da dawowar farar hula, kansilan mazaɓar shi ne Isyaku, wanda Ashafa ya sani tun yana kasa takalman roba a bakin Kurmi. Yanzu ba mai kiransa Isyaku sai mahaifiyarsa. Kowa Onarabul yake cewa. Shi ne ya tashi wata rana ya ce zai kafa wa mazaɓa Cibiyar Kwamfuta, don kada a bar Jakara a baya. Aka share wani ɗaki a cikin ofishin, daidai bayan katangar da rumfar Ashafa ta jingina da ita, aka shafa fenti. Aka kawo talabijin irin ta sabon yayi, shafal kamar allo, faɗinta ya kai ƙyauren taga, wadda ake cewa idan mutum ya fito a cikinta har gumin goshinsa sai ka ƙirga. Aka kawo kwamfuta, wata 'yar akwati da ba ta fi kwalin sukari biyu ba. Ba a sayo mata gilashinta na kallo ba, don Onarabul ya ce talabijin ta fi girma, jama'a za su fi gani. Aka sa ranar Asabar don ƙaddamarwa, Ciyaman na ƙaramar hukuma ne zai yanka kirtani.

Ranar Litinin da hantsi Sani, sakataren kwamitin cibiya, ya leƙo rumfa da littafinsa a hammata.

"Malam Ashafa, Onarabul ya ce ka ɗan leƙo. Ƙaramin abu ne, mun ma kusa gamawa."

"To ku ƙarasa mana."

"Ka dai zo ka sa mana albarka."

Da Ashafa ya shiga, ya tarar da mutum huɗu suna gumi. Tun safe suke fama. Sun kunna talabijin, sun kunna kwamfuta, sun matso da ita kusa, sun ƙara matsowa, har sun ɗaga ta sun kara a jikin talabijin ko za su gane juna. Ba abin da ya fito sai wani ɗan rubutun Turanci da ke yawo a kan baƙin gilashi, ma'anarsa ba a kamo komai ba.

Ashafa ya matsa kusa. Ya juya kwamfutar ya duba bayanta, ya leƙa bayan talabijin da tocila. Ramin da hoto ke fita a jikin kwamfutar fari ne mai faɗi, da ƙananan huji jere-jere kamar saƙar zuma. Na talabijin kuwa siriri ne kamar bakin asusu. Ya zazzage kwalayen da aka kawo kayan a ciki, ba komai sai takardu da soso.

"Waya ce babu," in ji shi. "Sai an sayo waya mai kai biyu, kowane kai da irinsa, wadda za ta kai hoto talabijin. Ba ni biro in zana maka."

"Haba Malam Ashafa," in ji Sani yana murmushi. "Difloma gare ni fa. Faɗa kawai."

Ya buɗe littafi ya rubuta: waya, kai biyu, ta talabijin. Ya ja layi a ƙarƙashi, ya sa kwanan wata.

A nan ya kamata a tuna cewa Ashafa mutumin da ne. A zamanin da ya koyi aiki, idan ka ce waya a Jakara kowa ya san ta wuta kake nufi, ko ta shanya, don tarho sai gidan wane da wane. Amma tun da salula ta shigo gari kalmar ta sauya gida. Sani ya kai wa Onarabul saƙo cewa mai gyara ya ce cibiya ba za ta tashi ba sai da waya. Onarabul ya ce dama ya yi tunanin haka. Kwamiti ya zauna ya amince. Sani ya tafi kasuwar 'yan waya ya karanta wa wani mai shago abin da ke cikin littafinsa, mai shago ya ce ai yau ya zo gidanta.

Ranar Alhamis aka sake kiran Ashafa. Wannan karon kwamiti ne cikakke, mutum bakwai a kan fararen kujeru, kowa da kwalbar lemo a gabansa. Onarabul ya sa hannu a aljihun babbar riga ya zaro wata salula 'yar Caina mai ruwan zinare, ya ajiye a kan tebur a hankali kamar ƙwai.

"Ga abin da ka nema, Malam. Layi biyu take ɗauka. Sani, nuna masa ɗayan."

Sani ya zaro wata siririyar eriya daga gefenta, ya danna. Sai ga wani mai karanta labarai ya bayyana a ɗan gilashin, girman kan ashana, yana rawa cikin yayyafi.

"Ka gani? Har talabijin take kamawa. Kai biyu, ta talabijin. Ba mu rage komai ba."

Ashafa ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Wannan wayar magana ce. Ni wayar jonawa na ce. Igiya. Wadda za a cusa nan, a cusa can."

Wani ɗan kwamiti da ya kai kwalba baki ya mayar da ita ƙasa.

"To me ya hana ka ce kebur?" in ji Onarabul.

"Shekara talatin ina cewa waya, ba wanda ya taɓa kawo mini tarho."

"Ni dai abin da aka faɗa na rubuta," in ji Sani, ya ɗaga littafi kowa ya gani. "Ga shi har da kwanan wata."

Aka shiga muhawara. Cikin minti ashirin kwamiti ya gano cewa Sani bai yi kuskure ba, don ya rubuta daidai. Kwamiti bai yi kuskure ba, don ya amince da abin da aka rubuta. Onarabul kuwa ba a ma kawo sunansa ba. Da aka cire waɗannan, mutum ɗaya ya rage a ɗakin, kuma shi kaɗai ne a tsaye.

Ashafa ya ce, "To a sayo igiyar mana. Abin bai kai a tara mutum bakwai ba."

"Ba ka san gwamnati ba, Malam," in ji Onarabul. "Na riga na gaya wa Ciyaman an kammala komai, har da waya ta musamman. Yanzu in koma in ce masa saura wata wayar? Sai a ce ba mu san aikinmu ba. Ina da 'yan adawa a cikin gidan nan fa." Ya waiga ya dubi 'yan kwamitinsa, kowa ya dubi kwalbarsa. Sannan ya sassauta murya. "Bari in gaya maka abin da ban so faɗa ba. Tun da aka fara aikin nan ake cewa rumfarka ta tare gaban cibiya, ta ɓata tsari. Ni nake tare maka. Idan hoto ya fito ranar Asabar ina da bakin magana. Idan bai fito ba, ranar Lahadi ka nemo masu baro su kwashe maka kaya."

Sani ya matso kusa da kunnen Ashafa, amma yadda kowa zai ji. "Akwai dabara. Ka kawo na'urar faifai daga rumfarka mu ɓoye a bayan labule, ka jona ta. Duk abin da ya fito mu ce kwamfuta ce."

"Idan Ciyaman ya taɓa kwamfutar fa?"

"Ciyaman ba ya taɓa komai sai almakashi."

"Ba na jona ƙarya," in ji Ashafa. Ya tsaya yana kallon salular da ke kan tebur. "Onarabul, wannan wayar, ta aikin cibiya ce?"

"Ta aikin cibiya ce mana."

"Don hoto ya fito aka saye ta?"

"Ga kwamiti shaida."

"To a ba ni ita in yi aiki da ita."

Onarabul ya so ya ce wani abu, don tun ranar Talata layukansa biyu suke ciki, da sunan gwaji. Amma idanu goma sha huɗu na kansa. Ya tura ta gaban Ashafa da ɗan yatsa. "Ka kula da ita. Kuma idan an kira kar ka ɗaga."

Ashafa ya karɓe ta ne don taurin kai kawai, bai san me zai yi da ita ba. Da magariba yana zaune a tsakar gida yana cin tuwo, wayar tana gefen tabarma tana ta kiɗa, ta yi shiru ta sake ɗauka. Matarsa Asibi, da ke ɗinkin hula a bakin ƙofar ɗaki, ta ce, "Malam, yau kuma biki muke yi?"

Ya ba ta labari tun daga Litinin. Ta yi dariya har sai da ta soke yatsa da allura. Da ya kai kan maganar rumfa sai dariyar ta tsaya.

"Su tashe ka ka koma ina? Wa zai ba ka wuri a bakin hanya yanzu, ko na tsugunno?"

"Babu."

"To ka yi musu abin faifan ka huta. Kai ka zaɓe su?"

"Ban zaɓe su ba. Amma idan aka tambaya wa ya haɗa, sunana za a faɗa."

"Suna dai. Shekara talatin muna miya da suna." Ta tsotsi yatsanta. Wayar ta sake ɗaukar kiɗa, ta harare ta. "Ni dai idan na aika a sayo mini farin zare aka kawo baƙi, ba na zama in yi masa wa'azi. Mayarwa nake a canjo."

Ashafa ya tsaya da loma a hannu. Bai ce ta yi gaskiya ba, don ba su saba da haka ba. Ya dai ce ta ƙaro miya.

Ranar Juma'a da safe ya shiga cibiya da takarda da fensir. Ya ɗora takarda a kan ramin kwamfuta ya goga fensir har siffarsa ta fito, ya yi wa na talabijin haka. Da aka sauko daga masallaci ya hau acaɓa sai Titin Beirut, inda ake sayar da kayan kwamfuta. Shago goma ya shiga. Wasu suka ce babu, wasu suka ce akwai sannan suka kawo wani abu daban, wani ya ce ya dawo wata mai zuwa kaya na kan ruwa. A na goma sha ɗaya mai shagon, wani Nazeer, ya karɓi takardar ya duba sau ɗaya.

"Baba, di-bi-ai zuwa eci-di-em-ai kake nema."

"Ko ma mene ne sunan ubanta, akwai?"

"Saura ɗaya. Tun bara take nan, ba wanda ya san amfaninta."

Ya hau kujera ya sauko da ita daga saman kanta, baƙar igiya kamu uku, kai ɗaya mai faɗi da allurai, ɗayan siriri. Ashafa ya gwada kowane kai a kan zanensa. Sannan ya fito da salular, ya buɗe bayanta, ya zare layukan biyu ya naɗe a takarda ya sa a aljihu, ya ajiye ta a kan kanta.

"Musaya na zo yi. Waya da waya."

Nazeer ya juya ta, ya zaro eriyar, ya mayar. "Baba, wannan ai ta fi igiyar nan nesa ba kusa ba. Ba ta sata ba ce dai?"

"Ta gwamnati ce."

"Ai ba ka amsa tambayata ba."

Ashafa ya yi masa bayani a taƙaice. Nazeer ya kira maƙwabcinsa ya ce a maimaita masa, suka yi dariya tare. Da Nazeer ya zo kan cikon kuɗin da zai biyo baya, Ashafa ya ce kar a sa masa ko kwabo a hannu. Ya nuna kanta: a ba shi 'yar igiyar sauti, don ya lura wannan mai kai biyun hoto kaɗai take ɗauka, a ba shi soket mai baki huɗu, a ba shi na'urar daidaita wuta, don ya san halin wutar Jakara, idan ta zo da fushi ba ta tambayar kayan waye. Ya sa Nazeer ya zuba duka a kwali ɗaya, ya rungumo a kan acaɓa.

Bayan la'asar ya shiga cibiya shi kaɗai, ya tayar da janaretan da aka aro don biki. Ya cusa kai mai faɗi a bayan kwamfuta ya murɗa 'yan kusoshinsa biyu, ya cusa siririn a bayan talabijin. Ya kunna. Rubutun nan ya ci gaba da yawonsa. Ga shi wayar Onarabul ta riga ta tafi, ba ta dawowa. Ya zauna a ƙasa da rimot, ya matso da tabarau, yana bin maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Can ya gane cewa talabijin ɗin ƙofofi da yawa gare ta, kuma har yanzu ƙofar eriya take saurare. Ya danna maɓallin da ke sauya ƙofa, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. A na huɗu gilashin ya yi ƙifta, sai ga wani tudu mai ciyawa kore shar, da shuɗin sama da fararen gizagizai, tas kamar ka sa ƙafa ka shiga.

Bai ce an gama ba tukuna. Gefen hoton ya shige cikin baki, layin ƙasa ya yanke rabi. Ya ƙara rabin awa yana lalube a cikin saitin talabijin har hoton ya zauna daidai bakin gilashi. Ya jona igiyar sauti, ya kashe komai, ya sake kunnawa, kwamfutar ta yi ɗan kiɗanta na tashi. Ya sake kashewa ya sake kunnawa har sau uku.

Sani ya shigo ya tsaya baki buɗe. "Ka gani ko, Malam Ashafa? Ashe wayar tamu ta yi aiki."

"Ta yi," in ji Ashafa.

Ranar Asabar aka kafa rumfunan haya, aka tare hanya, masu shiga Kurmi suka riƙa zagayawa suna tsaki. An ce ƙarfe goma, Ciyaman ya iso ana kiran azahar. Onarabul ya yi jawabi. Ya ce daga yau Jakara ta shiga sahun manyan biranen duniya. Ya lissafa kayan da aka samar: talabijin mai fitar da hoto tangaran, kwamfuta ta zamani, da waya ta musamman mai kai biyu, wadda sai da kwamiti ya yi bincike mai zurfi kafin ya gano ta. Aka tafa. Ciyaman ya karɓi almakashi ya yanka kirtani, manya suka dunguma cikin ɗaki. Ashafa yana tsugune a gefe, ya danna. Koren tudun ya cika gilashi, aka yi kabbara.

"Wannan gonar a ina take?" in ji Ciyaman.

"Ranka ya daɗe, irin yadda muke so mu mayar da bakin kwatamin Jakara ke nan, idan aka ba mu dama karo na biyu," in ji Onarabul.

"Madalla. To ina wayar da kake ta ba ni labari? Mu ganta."

Onarabul ya juya ya miƙa wa Ashafa hannu, yana murmushi. Ashafa ya tashi, ya ɗan karkato talabijin ɗin, ya nuna baƙar igiyar.

"Ga ta, ranka ya daɗe. Ga kai ɗaya, ga ɗayan."

Hannun Onarabul yana nan a miƙe, murmushin ma yana nan, amma ya bushe. Sani ya buɗe littafinsa ya shiga karatu. Ciyaman ya sunkuya ya shafa igiyar da yatsa biyu.

"Ikon Allah. Ni da na ɗauka irin ta aljihu ce."

"A'a, ranka ya daɗe," in ji Onarabul, bayan ya haɗiye yawu. "Ta aljihu ai kowa yana da ita. Wannan ta musamman ce. Mu muka zaɓo ta."

"Haka ake son kansila. Wa ya haɗa?"

Aka nuna Ashafa. Ciyaman ya kama hannunsa ya girgiza, ya ce irin waɗannan dattawa su ne ginshiƙin dimokuraɗiyya, kuma gwamnati ba za ta manta da su ba. Ya tambayi sunansa, aka faɗa masa, ya kira shi Malam Mustafa. Aka kira mai hoto. Ciyaman ya riƙe igiyar ta gefe ɗaya, Onarabul ta ɗaya gefen, aka ce Ashafa ya ɗan matsa don yana tare haske.

Bayan la'asar, an kwashe kujeru, Ashafa yana rumfarsa ya buɗe cikin wata rediyo, sai ga Onarabul shi kaɗai, ba 'yan rakiya. Ya zauna a benci, abin da bai yi ba tun da aka zaɓe shi.

"Malam, ina wayata?"

"Taka ko ta cibiya?"

Ashafa ya zaro ƙullin takarda ya miƙa masa. "Ga layukanka. An yi ta kira, ban ɗaga ba. Sauran abin da ta haifa yana ciki, ka duba: soket, da na'urar wuta, da igiya biyu."

"Ka san abin da ka yi sunansa sayar da kayan gwamnati?"

"To mu je wurin Ciyaman in yi masa bayani. Sai a kira Sani ya zo da littafinsa."

Onarabul ya daɗe yana juya ƙullin a hannu. Wani mai baro ya wuce da buhunan citta, suka bi shi da kallo su biyun.

"Da can ba haka kake ba, Malam."

"Haka nake. Kai ne da can ba ka da abin da za a jona. Hoto ya fito ko bai fito ba?"

"Ya fito."

"To rumfa fa?"

Onarabul ya miƙe ya kakkaɓe riga, muryarsa ta koma irin ta jawabi. "Maganar rumfa ba ni kaɗai nake yanke ta ba. Akwai tsari. Za mu kafa kwamiti ya duba, ya kawo rahoto."

Ashafa ya ajiye ƙarfen dalma. A karo na farko ya ɗago ya dubi Onarabul a fuska.

"Wa zai zama sakatare?"

"Sani mana."

"Allah ya ba su sa'a," in ji Ashafa, ya koma kan rediyonsa.

Da ya isa gida Asibi ta tare shi tun daga zaure, tana tambayar ko a nemo masu baro. Ya ce a'a, an ba kwamiti. Ta ce alhamdu lillahi, ta koma ciki ta sa masa nama biyu a miya.

Washegari Lahadi bai buɗe rumfa da wuri ba. Ya tafi ya sayo sabon kwano falle uku da ƙusa, ya aro tsani, ya hau da kansa ya cire tsofaffin da suka shekara shida suna yi masa yoyo a kan kayan mutane, waɗanda ya ƙi canzawa don kullum yana jin za a iya tashinsa. Har azahar ana jin bugun gudumarsa daga cikin cibiya, inda Sani yake zaune gaban talabijin yana neman maɓallin da ake dannawa.